Shanun Adda Huseina

Malama Keturah ta gama zana shanu bakwai a jikin allo. A bayan ajin yaƙi da jahilci na matan Yola Gari, Malam Mika'ilu, sufeton makarantu, yana zaune ya harɗe ƙafa. Shi zai rubuta wa Maiduguri, hedikwatar sabuwar jiha, ko a bar ta a aiki ko a sallame ta.

Darasin ɗebewa ne, kuma yadda littafin Turawa ya koya mata a kwaleji haka ta ɗauko shi, ko gishiri ba ta ƙara ba.

"Adda Huseina," ta ce wa dattijuwar ajin, "a ce shanunki bakwai. Uku suka mutu. Saura nawa?"

Adda ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Wa ya ƙirga miki su? Me na yi miki, 'yar nan?"

"Misali ne kawai, Adda."

"Kai misalinki gidan wani!"

Wayyo Keturah! Shekararta guda a Yola, ba wanda ya gaya mata cewa a nan ba a ƙirga wa mutum shanu a bainar jama'a, balle a kashe masa uku da baki. Ta juya da tambayar wajen wata ɗalibar, Na'inna, ita kuma ta ce kunnenta na ciwo. Azumi da ke kusa da ita kuwa har ta fara laluben takalminta. Tsoro ya kama Keturah sosai, ta ga aikinta na bin ƙofa tare da matan.

Sufeto ya miƙe yana murmushin wanda ya yi karatu.

"Haba iyayena, lissafi ba ya kashe saniya. Ku bar na Adda, a yi da nawa."

"Madalla," in ji Adda, ta gyara zama. "Nawa ne naka, Malam?"

"Nawa ai guda..."

Sai ya tsaya. Ya yi tari. Ya duba agogo, ya duba rufin ɗaki, matan kuwa suka zuba masa ido suna jiransa. Mutumin da ya yi kwas har Zariya, ga shi lamba ta maƙale masa a wuya. Can ƙasa-ƙasa aka ji ya ce, "Allah dai ya ƙara musu albarka."

"Amin!" matan suka amsa da ƙarfi.

Ya ɗauki jakarsa, ya matso kusa da Keturah, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Malama, idan na dawo baɗi, in tarar kina ba su misali da ɓeraye."