Zanen da Na Aika Jugu

…saura mutum biyu. Tun ɗazu Yaou direba yake cewa saura mutum biyu, kamar bakinsa bai san wata magana ba. Motar Jugu ba ta barin Paraku sai ta cika, na sani, shekara nawa ina shigarta — amma yau? Yau da 'yata take can tana neman numfashi?

Kausar, daure. Ga fom ɗinki na shaƙar maganin asma a hannuna, sabo fil, yanzu na karɓo a farmasi. Wancan na wurinki ya ƙare, Yaya Firdausi ta danna, ta danna, iska kawai. "Zinatu, ƙirjinta na kuka kamar 'yar kyanwa, za mu asibiti." Sai wayar ta yanke. Na kira sau bakwai. Ba ta shiga.

Tsoro nake ji.

Ba Jugu ce lafiyayya ba? Ba don haka na kai ki wurin Yaya ba?

Likitan nan mai gilashi, bara, yana juya biro — ya ce Madam, iska ba fanko ba ce. Idan mangwaro da kanju suka yi fure, garin furen yana yawo. Ƙarshen damina bununin masara da ciyawa. Tsakiyar damina kuma fumfuna, ƙwayoyinta ido ba ya gani. Kowane gari da nasa, kowane wata da nasa. Na ce to nawa ne a Paraku, nawa a Jugu? Ya ce shi ba shi da ma'auni, ƙirjin yarinyar ne ma'auninmu.

Ƙirjin 'yar shekara bakwai… ma'auni!

Shi ya sa na zama mahaukaciyar unguwar Zongo. Ni ce mai shinshina iska da safe. Ni na tsaya a kan babanki Iliassou har ya sare mangwaron tsakar gida, wanda mahaifinsa ya dasa, har yau uwar mijina da ƙyar take amsa gaisuwata. Fabrairu ya yi sauƙi, ban musa ba. Agusta ya zo, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Na ce bangon Zongo ne ya sha ruwa. Na ce Paraku ce. Paraku, Paraku — har zagin garin haihuwata na yi.

Saura mutum ɗaya. Wani tsoho ya shigo da buhun albasa. Baba zauna mana, zauna!

Kwana goma sha biyu kina Jugu ko tari babu. Yaya ta ce har tsallen igiya kike. Na bi matan kasuwar Arzeke rumfa rumfa ina cewa kun gani? Iskar can daban ce. Har da ɗaga hanci, wai ni na gano abin da likita ya kasa aunawa.

Sai dai da dare kuka kike, kina kiran Inna. Abinci ma sai da lallashi. To me uwa za ta yi? Abin da aka yi mana lokacin yaye — a ba yaro zanen uwarsa ya kwana da shi, kada a wanke, ƙamshin ake so. Jiya da yamma a rumfa na kwance shuɗin zanena na sama, na ninke, na ba wannan Yaou ɗin. Da safe ya isa. Yaya ta ce kin rungume shi kina dariya, bayan azahar kika kwanta kika lulluɓe fuskarki da…

Bayan azahar.

A'a. Tsaya. Ƙarfe nawa ta sake kira? La'asar ba ta yi ba.

Shuɗin zanen. Da shi nake zama a Arzeke. Busasshiyar doya nake sayarwa, damina tana sa ta yi fumfuna kore-kore, kowa ya sani, kowa yana yi — a juye buhu a cinya, a sa buroshi a goge, a shanya idan rana ta leƙo. Garin yana tashi, mu yi atishawa, mu yi dariya. In ruwa ya tsinke, da zanen nake rufe doyar. In koma gida ki faɗo jikina tun daga zaure, ki cusa hanci a cikina. Kullum. Kowace damina.

Ni na sa aka sare itacen bawan Allah.

Ya Rabbi, da shi suka goya ki zuwa asibiti? Yaya ba za ta bari ki rabu da shi ba, za ta ce zanen Innarta ne, shi zai kwantar mata da hankali… Ɗauki wayar, Yaya. Ɗauki. Kalma biyu ce, cire zanen. Ba ta shiga. Ba ta shiga!

Ko ba shi ba ne? Masarar Jugu ma ta fara bununi, likita ya ce… ina ma masarar ce. Wa zai auna mini?

Mota ta cika. Yaou yana rufe ƙofa, an matse ni da taga. Awa biyu da rabi in hanya ta yi kyau.

Cinyata. Daga rumfa na taso a guje, ban sauya kaya ba. Ga garin nan a zanen jikina, kore, a bakin mayafi, a ƙarƙashin farcena, har kan kwalin fom ɗin. Ina karkaɗewa yana tashi. Ba ni da wani zane. Ba inda zan sauka.

Kina ganina za ki miƙo hannu. Na san ki, Kausar… za ki miƙo hannu.