Sunan Tafkinmu a Jikin Zane

Da gwamnati ta ce za ta killace tafkinmu ta hana farauta, ba mu yi musu ba. Sunan ne ya tsaya mana a rai. Wai Gandun Dokta Arrieta, wani mai awon ƙasa da ya kwana biyu a nan shekara tamanin da suka wuce, sanyi ya kore shi. Mu kuwa tun kaka da kakanni Wallatakocha muke cewa, wato tafkin ɗinya.

Injiniya Zeballos ya zo daga birnin La Paz, ya tara mu a makaranta.

"Ku kawo shaida a rubuce," in ji shi. "Taswira dai Arrieta ta sani."

Raina ya ɓaci, don ko ƙyallen takarda ba mu da shi. Sai surukata, Mama Fortunata, ta miƙe da ganyen koka da tsofaffinmu ke taunawa a kumatu. Matar da ko sa hannu ba ta iya ba, sai dangwale. Ta kwance zanen da take goya kaya da shi, na ulun alfaka, dabbarmu mai kama da ɗan raƙumi, ta shimfiɗa masa a tebur.

"Ɗan nan, karanta."

"Iya, wannan ai saƙa ce."

"Ashe kai ma akwai karatun da ya fi ƙarfinka."

A wurinmu kowane ado na saƙa da sunansa, yarinya kan haddace sunan kafin a ba ta zare. Surukata ta sa aka kirawo masaƙa daga ƙauyuka uku, ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, injiniya na nuna musu wani shuɗin ado mai fararen tsuntsaye biyu a jikin zanen. Kowacce ta duba sai ta ce Wallatakocha. Ta ƙarshe Mama Eulogia ce, wadda shekara ashirin ba sa ga maciji da surukata.

"Wallatakocha mana," in ji ta. "Saƙar Fortunata ce kuma, dubi yadda bakin ya karkace."

Injiniya ya yi dariya, ya ɗauki biro.

Ranar da aka kafa allo mai sunan Wallatakocha a bakin hanya, surukata ta shafa haruffan da tafin hannu.

"Hilarión, karanta min."

Na karanta.

"Sake."

Sau uku na karanta mata. Ta zuba wa ƙasa giyar masara a gindin allon kamar yadda muke yi a al'ada, sannan ta dube ni.

"To, yau su gwamnati ma sun iya sunan."