Ranar da Allo Ya Kira Sunan Inna

Kalma ɗaya tak ta rage wa Mijinyawa a baki tun da ya faɗi a gona lokacin cirar gyaɗa: madalla. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, sai ita kaɗai. In yana jin ƙishirwa, madalla. In ƙuda ya dame shi, madalla. Ranar da aka gaya masa amininsa ya rasu, ya buɗe baki zai yi salati, madalla ce ta fito, kuma aka samu marasa kunya da suka koma zaure suna dariya. Matarsa Kande ta ji su ta bayan katanga, ta kuma gane muryar kowa.

Mutumin nan fa shi ne mai baki a Yammedi. In ya zauna gindin darbejiya bayan la'asar, har masu kai kaya kasuwa sukan sauke su tsaya. A gida ma bai bar Kande ta huta ba, tana tuƙa tuwo yana tsokanarta, tana kora shi da muciya. Yanzu gidan ya yi shiru, har tana jin motsin kaji a akurki. Sau da yawa takan tsaya da tsintsiya a hannu, kamar an kira ta. Ba wanda ya kira ta.

A cikin wannan hali ne wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo gari, ana ta yawo da su gidajen masu irin wannan lalura. Shugabarsu wata likita ce matashiya, Rumasa'u, sai abokin aikinta Bahauddeen mai rungumar kwamfuta kamar jariri. Suka ɗora wa Mijinyawa wata hula mai wayoyi, suka yi ta nuna masa hotuna. Suka haƙa masa gurbin dara a ƙasa, ya cinye Bahauddeen da hannun hagu har sai da yaron ya ce ya gaji.

Rumasa'u ta zaunar da Kande ta ce, "Iya, inda magana take a ƙwaƙwalwa daban, inda tunani yake daban. Na Baba wurin maganar ne ya taɓu. Hankalinsa yana nan, babu abin da ya same shi."

"Na sani," in ji Kande. "Ni nake zaune da shi. Su za ki gaya wa."

Suka ce suna da na'ura mai koyon magana, kuma in aka ba ta muryar mutum za ta iya magana da ita. Aka samo musu saƙonnin murya da Mijinyawa yake tura wa ɗansu Salman a Legas kafin ya faɗi. Aka tambaye shi ko ya yarda, ya gyaɗa kai. Suka ɗauki hoton gidan, da buta, da gona, da Kande kanta, suka tambaye ta sunanta na yanka ta faɗa. Suka ce za su dawo.

Damina ta zo ta wuce, ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Wanda aka gani shi ne Halliru, ƙanen Mijinyawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sa ido a kan gonar fadamar nan ta bakin dam, wadda Mijinyawa ya sare da hannunsa tun yana saurayi. Ya je gaban dagaci ya ce yayansa ya zauce, a damƙa masa gonar ya ba wani mai noman albasa. Dagaci ya sa rana. Kande ta san in aka yanke wannan hukunci, an binne mijinta da ransa ke nan, daga ranar ba mai sake tambayarsa ko da ra'ayinsa a kan tunkiya.

Ta ji labari masu hular suna garin Fulatan, can ƙasar Rogo. Ba ta shawarci kowa ba. Ta ɗaura zane, ta ja mayafi, ta hau acaɓa, hanya na wujijjiga ta har ƙashin bayanta ya yi tsami. Ta same su a wani zaure sun ɗora wa wata tsohuwa hula.

Rumasa'u ta taso. "Sannu da zuwa, Iya! Ina gajiya? Yaya jikin Baba?"

"Jikinsa yana inda kuka bar shi. Ke 'yar nan, haka ake yi a garinku? Ku shigo gidan mutum, ku leƙa masa cikin kai, ku kwashe muryarsa ku zuba a jaka, ku tafi?"

"Wallahi Iya, aikin ne bai kammala ba. Na'urar tana kuskure, muna so sai..."

"Ni ma ban kammala ba, ga ni nan a tsaye. Za a ƙwace masa gona ranar Talata saboda an ce ba shi da hankali. Ke kika ce yana da shi. A kunnena kika faɗa, a tsakar gida, inda ba mai ji sai awaki. Ki zo ki faɗa a gaban maza."

Bahauddeen ya sa baki, ya ce gaskiya na'urar ba tunani take yi ba, ta dai ji maganar mutane da yawa ne, sai take harhaɗa kalmomin da suka saba tafiya tare.

Kande ta dube shi sama da ƙasa. "To ai irinta sun cika gari. Halliru ma haka yake. Ku kawo ta."

Ranar Talata da hantsi aka taru a ƙofar gidan dagaci. Aka kawo Mijinyawa a kan kujera, an sa masa farar rigarsa ta Juma'a. Kande ta zauna gefe a kan tabarma. Rumasa'u ta yi bayaninta, dattawa suna gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba. Sai Bahauddeen ya ɗora wa Mijinyawa wani allo mai haske a cinya, cike da ƙananan hotuna, ya ce ya taɓa abin da yake nufi, allon zai haɗa maganar.

Mijinyawa ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga yatsan hagu ya taɓa hoton gona, ya taɓa hoton hannu mai nuna a'a.

"Ba na so a ba da gonata."

Muryarsa ce. Da ɗan kaushin nan, da yadda yake jan ƙarshen magana. Kande ta ja mayafi ta rufe baki. Ita ba gonar ta ji ba. Ta ji mutumin da yake shigowa da yamma yana cewa wai miyar wa ke ƙauri haka. Wurin ya ɗauki salati.

Halliru ya miƙe. "Ranka ya daɗe, wannan ai rediyo ce. Yaron nan ne ya cusa maganar tun daga gida. Ko jikana aka ba shi zai danna ta faɗi haka."

Dagaci ya ce, "To, Malam Mijinyawa, faɗi wani abin daban, wanda ranka yake so yanzu."

Rana ta fara zafi. Mijinyawa ya taɓa hoton Kande, ya taɓa hoton moɗa.

"Hannatu, ki ba ni ruwa."

Dattawa suka dubi juna.

Hannatu shi ne sunan Kande na yanka, amma kuma shi ne sunan mahaifiyar su Mijinyawa, Allah ya ji ƙanta. Tun da aka haife shi wannan suna bai taɓa fita daga bakinsa ba. Saboda shi ne duk dangin suka riƙe Kande da laƙabinta na gida. Ko 'yarsu da aka mayar wa sunan, Ummi ake ce mata. Yau ga sunan ya fito da muryarsa, gatsau, a gaban dagaci da liman, haɗe da aike kamar ana kiran 'yar aiki. Baƙin nan biyu kuwa sai kallon jama'a suke yi, ba su san abin da suka yi ba.

"Kun ji ko!" Halliru ya daka tsawa, don shi ma abin ya soke shi. "Sunan Inna! In da Yaya yana cikin hankalinsa zai kama sunan Inna a bainar jama'a?"

Kafin ya rufe baki Mijinyawa ya kife allon a cinyarsa, ya danne shi da tafin hannu kamar mai toshe bakin yaro. Fuskarsa ta haɗe, hawaye na bin gefen da ya shanye. "Madalla," ya ce. "Madalla! Madalla!" Bai iya ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Kande ta tashi. Wani ya ce ta zauna, ba a ba ta izini ba. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Allah ya ja zamaninka, ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin wannan faranti ba. Amma a dube shi. Halliru, kai ma juyo ka dube shi, yayanka ne, shi ya goya ka. Ɗazu ka ce rediyo ce ke magana ba shi ba, yanzu kuma ka ce shi ne ya kama sunan Inna. Zaɓi ɗaya. Wannan abin ne ya faɗa, ko a jikinsa, don ba shi da uwa. Shi kuwa ga shi nan kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ina kuka taɓa ganin zautacce yana jin kunyar sunan mahaifiyarsa?"

Liman ya sunkuyar da kai.

Dagaci ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa ta Mijinyawa. Ya ce a ɗauke allon. Ya tambaye shi a hankali, "Kai ka so a faɗi sunan nan?" Mijinyawa ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna Bahauddeen da yatsa, har yaron ya ja da baya. "Gonar fa, a ba Halliru?" Ya girgiza kai. "Wa zai noma maka?" Ya waiga ya nemo Shitu, mijin Ummi, a cikin taro, ya nuna shi.

"To, magana ta ƙare," in ji dagaci. "Mai gona ya faɗi abin da yake so. A ba shi ruwan da ya nema."

Halliru ne ya fi kusa da randa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗebo ya kawo, ya riƙe masa moɗar har ya sha.

Bayan azahar Rumasa'u ta biyo su gida, ta durƙusa a tsakar gida tana ba da haƙuri. Ta ce laifinsu ne, sun tambayi suna ba su tambayi wanda yake iya faɗarsa ba.

"Za mu gyara yau ɗin nan, Iya. Ki gaya mini yadda Baba yake kiranki, mu sa. Da muryarsa za ki ji, kamar da."

A gaban mutane, "ke" Mijinyawa yake ce wa Kande, ko "mutanen gida". Amma akwai wani suna da ya raɗa mata tun tana amarya, wanda ko 'ya'yansu ba su taɓa ji ba, sai in su biyu ne a ɗaki ko a kan hanyar gona. Shi take jira duk lokacin da ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ga shi yau an ce ta buɗe baki kawai, a mayar mata. Har ta jiƙa leɓe.

Ta dubi Mijinyawa a bakin ƙofar ɗaki. Shi ma ita yake kallo. Bai girgiza kai ba, bai gyaɗa ba, ya bar mata.

"Wannan abin naku, duk wanda ya danna hotona zai faɗa?"

"E, Iya. Duk wanda ya danna."

"To a bar shi. Ki cire na Inna, ki sa ya ce 'ke'. Ruwa da gona da buta, duk ya faɗa, na gode. Wancan ba na faranti ba ne. In Allah ya buɗe bakin, na ji. In bai buɗe ba, ai na taɓa ji."

Da baƙin suka tafi ta koma bakin murhu. Allon yana jingine a kan tabarma kusa da shi, bai taɓa shi ba. Can ta ji ya ƙwanƙwasa kwanon sha da zobensa, yadda ya saba kiranta tun da ya kwanta. Ta juyo. Leɓensa na motsi, yana ta kokawa da wani abu da bai kama hanyar madalla ba. Ba abin da ya fito sai iska.

"Na'am," in ji Kande.

Ta sauke tukunyar don kada ta ƙone, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a gabansa, ta zuba wa bakinsa ido.