Lemon Mai Jimina

Tun da cikinta ya shiga wata na uku, Lubna ta daina shiri da abinci. Ta sha fura ta dawo, ta sha kunu ya dawo, ruwan randa ma sai ta yi ta lallaɓa shi kamar magani. A matanite, asibitin haihuwa, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, ungozoma ta ja mijinta Khalid gefe ta ce in ba ta fara riƙe wani abu ba, ita ba za ta ba shi tabbacin cikin nan zai zauna ba. Cikin fari ne, bayan dogon jira. Khalid, malamin da ke tsayar da aji guda na 'yan lakwal, yaran makarantar boko, da ido kawai, ya dawo gida ya rasa yadda zai yi.

Abu ɗaya Lubna ke ambato. "Da zan samu Mai Jimina, da na sha."

Lemo ne, in ji ta, a koriyar kwalba mai hoton jimina. Tana ƙarama Ummanta kan ba ta shi duk ranar da zazzaɓi ya hana ta cin abinci. Tsami-tsami ne, da ɗan yaji a maƙogwaro, kumfarsa na tsalle har hanci. Umman ta rasu tun Lubna ba ta gama firamare ba, kuma daga nan ba ta ƙara ganinsa ba.

Khalid ya hau moto, wato babur, ya bi unguwar Zango butik-butik. Samarin masu shaguna suka yi ta miƙo masa lemukan roba kala-kala, wani har da rantsuwa cewa wannan jan shi ne, suna kawai aka sake. Ɗan kasuwar Zango ai bai iya cewa babu ba. Daga ƙarshe aka tura shi wurin Alhaji Sama'ila, wanda ya tsufa a sayar da lemo.

Tsohon ya yi dariya har da share ido. "Mai Jimina, Allah sarki. Da shi aka yi bikina. Amma ɗana, luzin, masana'antar da ke yin sa, ta rufe tun uwar matarka na budurwa. Kuma wane tsami? Zaƙi ne zalla kamar alawa. Matarka ba ta taɓa shan sa ba."

Khalid bai kai wannan magana gida ba. Ta ina zai fara gaya wa marar lafiya cewa ɗan abin da ta riƙe na uwarta ma babu shi? Washegari ya kama hanyar Gaffati, wurin Hajjo, ƙanwar marigayiyar.

Ya iske ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ya gama bayani ta kakkaɓe zaninta ta shiga ɗaki. Sai ga ta da wani abu a naɗe cikin tsohon kallabi. Koriyar kwalba ce, jiminar ta koɗe har wuyanta ya kusa ɓacewa.

"Ita ke nan, guda ɗaya tal," in ji Hajjo. "A jeren ɗakin Yaya take, don ado. Ƙyanda ta kama yarinyar nan, ta ƙi komai, sai nuna tsuntsun take tana kuka. Yaya ta jiƙa tsamiya, ta sa citta da sukari, ta ɗura, ta mai da marfin ta danne da muciya. In za ta buɗe sai ta juya baya ta jefa ɗan garin kanwa, ya taso. Lubna ta ɗauka daga kanti yake, mu kuma aka hana mu dariya."

"Inna, in gaya mata?"

"Kai dai kai mata. Ka juya baya kada ta ga kanwar."

Hajjo ta haɗa da hannunta, tana ɗanɗanawa tana ƙara citta. Khalid ya sa kwalbar cikin rigarsa, ya dawo Damagaram yana kauce wa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai.

Lubna na kwance a tabarma a inuwar itacen bedi. Da ta hangi kwalbar ta tashi zaune ba tare da an kama ta ba. Khalid ya juya baya, ya ɓalle marfin, ya jefa kanwa. Hannun malamin lakwal alli ya sani, bai san awo ba, sai kumfa ta taso ta wanke masa yatsu. Da ya juyo, ba kwalbar take kallo ba, shi take kallo, hawaye na bin kumatunta.

"Haka Umma take yi," ta ce. "Ta juya baya. Ni na ɗauka addu'a take tofawa."

Ta karɓa da hannu biyu ta kurɓa. Khalid ya tsaya da ƙoƙon amai a hannu. Ta sake kurɓa. Suka jira, shiru, ba abin da ya dawo. Ta kai bakin kwalbar hanci, ta daɗe tana shinshinawa.

"Tsamiya ce, ko?"

"Tsamiya ce."

Ta gyaɗa kai, ta yi dariya cikin kuka, ta shafa jiminar da babban yatsa. Tausayin uwarta ya kama ta fiye da ranar da aka fitar da gawarta. A hankali ta shanye tas.

"Kanwarka ta yi yawa," ta ce. "Gobe ka ɗauko Inna Hajjo ta koya mini."

Khalid ya miƙa hannu zai karɓi kwalbar, ta riƙe ta a kan cikinta.

"Bar ta, ni zan wanke. In ka fasa, me zan ba yarona?"