Shimfiɗar Kunkurun Malam Illo

Shekarar da aka datse ruwa a Kainji, gwamnati ta tashe mu daga tsibirinmu ta zuba mu a sababbin gidajen siminti kusa da Yelwa. Ni da mijina Malam Illo muka haƙura. Kunkurunsa ne ya ƙi. Ya janye kai cikin ƙoƙo, ko ganyen rama ya daina ci.

Malam ya ce daɓen simintin ne bai karɓe shi ba. Ya kewaye masa lungu da kara, ya zuba ƙaiƙayin shinkafa, kajin unguwa suka taru suka tone shi tas. Ya zuba ɓawon albasa, akuyar maƙwabta ta cinye. Da na ga ya ɗauko zanen da nake zuwa biki da shi, na fizge abina.

Na ce, "Malam, da furfurarka kana yi wa kunkuru gado? Ni da bayana ke ciwo tun zuwanmu, wa ya tambaye ni?"

Washegari ya tuƙa kwalekwale har tsibirin, wanda ruwa ya kusa shanyewa, ya ɗebo yashin tsakar gidanmu buhu guda, ya juye a lungun. Kunkuru ya tona, ya lafe a ciki, ya miƙo wuya.

Da Malam ya dawo daga sallar azahar, ya tarar rabin yashin babu. Ya leƙo ɗaki, ya same ni kwance a tabarma, yashi ya fito ta gefenta.

Na ce, "Daina kallona. Ni ma daga can aka kwaso ni."