Hoton Barau da Mari

Shekara uku Barau ya yi da marin ƙarfe a ƙafa, a bayan gidansu a Balan, kafin Dakta Nu'uman, mai binciken magungunan taɓin hankali, ya gwada sabon magani a kansa. Maganin ya karɓe shi. Ya koma gona, har yana kai gyaɗa kasuwar Ajingi, mutane suka daina kauce masa.

Ran nan sai ga Dakta da mai ɗaukar hoto. Za a karrama shi a Turai saboda binciken, amma ba shi da hoton Barau na lokacin ciwo.

"Baba, marin nan yana nan?" Dakta ya tambayi mahaifin Barau.

Aka zaro shi daga ƙarƙashin rumbu, aka maƙala wa Barau. Ya tuɓe riga, ya zauna a turɓaya, maƙwabta suna leƙe ta saman danga.

"Haba Malam Barau, daina kallona kamar mai hankali," in ji Dakta. "Karkata kai."

Barau ya karkata.

Ranar kasuwa, labari ya riga shi isa, wai ciwon ya dawo. Har ya ɗaure buhunsa ba wanda ya taya gyaɗar.