Baƙin Harshen Hansai

Hansai mai waina ce a bakin titin Hayin Banki, kuma ta daɗe tana fama da ƙwarnafi da kumburin ciki. Da abin ya matsa mata, mai kemis ya ba ta wani magani mai kauri, launin ruwan hoda, ya ce bismut ne a ciki, tun zamanin iyaye ake shan irinsa. Ciki ya lafa, sai dai ta wayi gari harshenta ya yi baƙi ƙirin. Mai kemis ya ce haka maganin yake yi, zai washe.

Uwani maƙwabciyarta ce ta hango harshen, Hansai tana hamma. Kafin la'asar magana ta zagaye layi, wai Hansai ta kamu da mugun ciwo, kuma da wannan bakin take ɗanɗana miyar da take zuba wa mutane. Masu Keke da suka saba cika bencinta suka koma wucewa suna kau da kai. Ƙullu ya lalace a bokiti, ta tuttular a kwata.

Da ta ji inda maganar ta fito, ko tanda ba ta sauke ba. Ta suri kwalbar maganin, ta faɗa gidan su Uwani babu sallama. Matan gidan duk suna tsakar gida.

"Uwani, ni kika ɗora wa ciwo?"

"Yaya Hansai, abin da idona ya gani na faɗa."

"Kin tambaye ni? Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da kika haihu, wa ya riƙa dama miki kunu? Da wane bakin na ɗanɗana shi?"

Uwani ta sunkuyar da kai. Hansai ta tsiyaya maganin a murfi, ta miƙa mata.

"Sha. Gobe ki fito ki nuna wa layi naki harshen."

"Ni cikina lafiya lau."

"Sunana ma lafiya lau yake kafin ki taɓa shi."

Hasiya, uwar mijin Uwani, ta ce, "Shanye, ke kika jawo." Uwani ta shanye tana yamutsa fuska.

Washegari harshen Uwani ya yi duhu, amma ta ƙi leƙowa waje, matan gidan ne suka baza labarin. Masu saye suka dawo kaɗan-kaɗan, wasu har yau ba su dawo ba. Da aka zo bikin autar Hasiya, Hansai ta aika da waina kwano guda don girman tsohuwar, ita kuwa ba ta taka gidan ba.